Kyamarar Ranar Lahadi

Bergen, 20 ga Afrilu, 1998

Kawu Eilert,

Gaisuwa daga garin da ruwan sama bai san hutu ba. Ina fatan gwiwoyinka sun yi sauƙi, kunnen kuma bai ƙara nauyi ba. Ni lafiyata ƙalau, in ban da ɗalibai. Tun da Mama ta rasu ni kaɗai na rage mai ce maka kawu, ko da yake kai ɗan ƙanen kakata ne, don haka sai ka yi haƙuri da bakina.

Na wanke finafinanka guda biyar, ga hotunan a cikin ambulan. Jiragen kamun kifi, duwatsu, sai kuma jiragen kamun kifi. Na shida, wanda ka ɗauka da kyamarar Alhamis, fari fat ya fito, ba ko inuwa. Ka bar murfi a kan gilashin. Kai ka koya mini cewa irin waɗannan tsofaffin kyamarori ba ta gilashin ake leƙawa ba, ta wata 'yar taga ce a gefe, saboda haka mutum yana iya yini yana ɗaukar duniya alhali idon a rufe yake. Ka ce kuskuren sabon shiga ne. Shekarunka saba'in da tara.

Na kuma karanta jadawalin da ka aiko na bara. Ni da nake koyar da ƙididdiga a jami'a ban taɓa samun ɗalibi mai tsafta kamarka ba. Kyamara shida, kowace da ranarta, kamar masu gadi. Ta Litinin hoto ɗari huɗu da goma sha biyu, ta Alhamis ɗari uku da tara. Dogon gilashi ya fita sau shida kacal, gajeren kuwa kullum yana bakin aiki. Sai layin ƙarshe: ta Lahadi, sifili. Shekara shida ke nan a jere.

Kai ke wa'azin cewa kyamarar da ba a taɓawa man cikinta daskarewa yake, labulen ciki ya sandare. To me ya sa ta Lahadi, ta matarka Inna Borghild, take zaune a kan kantar ɗakin girki tun ranar jana'izarta? In ba za ka iya ba, aiko mini in wanke fim ɗin da ta bari a ciki.

Ka gyara wuyan rigarka. Ban gan ka ba, amma na san a karkace yake. Tun da ta tafi ba mai miƙar da shi.

Ingunn

*

Skarvvik, 28 ga Afrilu

Malama mai lissafi,

Na ga takardarki, na gode. Gwiwa tana nan, ni ma ina nan. Ƙanƙara ta fara sakin hanya, kifi ya hau kan ragaya yana bushewa, garin duk ya ɗauki warinsa, wato dai lafiya lau.

Maganar murfi, na ji. Mutum ɗaya, fim ɗaya, a shekara hamsin. Ki sa a jadawali.

Kyamarar Borghild ba za ta je ko'ina ba, don tana aiki. Ki karanta a hankali, kada ki yi mini irin murmushin nan naki. Ranar da ta rasu lambar da ke nuna yawan hotuna tana kan goma sha tara. Kullum in ina goge ƙura ina ganinta, na san ta kamar lambar gidana. Ranar Lahadin bikin Ista na ga ashirin. Na ce idona ne. Lahadin da ta biyo baya, ashirin da ɗaya. Shekaranjiya, ashirin da biyu.

Ga abu na biyu. Kin san zoben nisa, wanda ake murzawa har hotuna biyu da ke cikin taga su haɗe su zama ɗaya, sai ya nuna miki mita nawa ke tsakaninki da abin da kike ɗauka. Shekara shida yana kan alamar ƙarshe, ta nesa. Ranar Ista na same shi a kan mita goma. Yanzu yana kan bakwai.

Murfin yana nan a kan gilashin, tsatsa ta kama shi. Ba na jin ƙarar komai, amma ni ko tukunya ta faɗi ba na ji.

Ki aiko mini da fim mai hoto talatin da shida, guda goma. Na kantin nan ya tsufa.

Kawunki

*

Bergen, 11 ga Mayu

Kawu,

Ina gaisuwa, ina kuma murna da jin garinku ya koma wari. Ni na yi mura ta kwana huɗu, ta wuce. Fim goma suna tafe.

Ban yi murmushi ba. Na dai ajiye kofina.

Bari in yi aikin da ake biyana albashi a kansa. A gidan nan mutum ɗaya ne. Wannan mutumin ya shekara hamsin yana ɗaukar kyamara kowace safiya, ya murza zobe, ya ja hannun jan fim, ya danna. Hannunsa ya iya aikin ba sai ya nemi izinin kansa ba. Kwana shida yana da kyamarar da zai taɓa, ranar Lahadi babu. Kuma wannan mutumin dai ya bar murfi a kan gilashi cikin watan Maris. Ban ce komai ba, na jera su ne kawai.

Ga gwaji mai sauƙi. Ka ɗaure hannun jan fim da zare, ƙulli uku, ka rubuta ranar. In zaren ya tsinke, za mu san an ja, daga nan sai mu yi maganar wanda ya ja.

Kana shan maganinka? Kada ka amsa da labarin yanayi.

Ingunn

*

Skarvvik, 2 ga Yuni

Ingunn,

Lafiya nake, ina shan magani, rana ta daina faɗuwa tun makon jiya, kamar yadda take yi a nan arewa kowace bazara. Kin ga na amsa duka.

Na ɗaure zaren, ƙulli uku kamar yadda Farfesa ta ce. Bai tsinke ba. Na same shi an kwance shi, an naɗe shi a jikin tsinken ashana, an ajiye a gefen kyamarar. Ke yarinya ce lokacin da kike zuwa mana, ba lallai ki tuna ba, amma Borghild ba ta taɓa zubar da zare ba ko kamu ɗaya ne. Akwai gwangwani cike da irin waɗannan tsinkayen a ɗakin sama. Ni yatsuna ko maɓallin riga da ƙyar suke sawa.

Lahadin da ta wuce na ce yau sai na gani. Na zauna na zuba wa kantar ido tun ƙarfe takwas, rana fes a ɗakin girki. Ba abin da ya motsa. Wajen sha ɗaya na juya in sauke butar kofi, ko minti biyu ban yi ba. Da na waiwayo, ashirin da bakwai. Mita huɗu. Dama can ba ta son a tsaya a kanta in tana aiki.

Na auna da igiya. Daga kujerata zuwa shingen waje mita goma ne. Zuwa matakalar ƙofa, bakwai. Zuwa inda muke rataye riguna, huɗu.

Shekara arba'in da ɗaya muna tare, Ingunn. Na duba akwatunan hotuna, na ƙirga, kin san ni. Jiragen ruwa sun fi dubu uku. Ita, goma sha ɗaya. Ni kuwa ban taɓa yarda ta ɗauke ni ba, kullum sai in ce hasken bai yi ba, ko in ce ta riƙe kyamarar a karkace. Don ta ƙyale ni ma na saya mata tata.

Yanzu ranar Lahadi aski nake yi, in sa rigar sanyin nan mai ruwan toka, in zauna ban motsi. Kofi biyu nake zubawa. Ban damu da sauran kwanakin ba, jira kawai nake ta ƙaraso.

Kawunki

*

Bergen, 10 ga Yuni

Kawu,

Ina fatan wannan ta same ka lafiya. Ni ban yi barcin kirki ba tun da taka ta zo.

Gara ka ji daga bakina. Na buga wa ma'aikaciyar jinya ta yankinku waya, sunanta Sissel, ka san ta. Na karanta mata layi biyu na ƙarshe na wasiƙarka. Mutumin da ya ce bai damu da kwanakinsa ba, yana jiran matarsa da ta mutu ta ƙaraso, ba zan zauna a nisan kilomita dubu ina wanke masa hotunan jirage ba. Za ta riƙa leƙowa sau biyu a mako. Ka ba ta kofi na biyun, kada ya huce a banza.

Za ka yi fushi. Na sa wannan a lissafi.

Ingunn

*

Bergen, 14 ga Yuli

Kawu Eilert,

Gaisuwa, da fatan kana lafiya, ko da yake labarin lafiyarka yanzu a bakin wasu nake ji. Mako biyar ba takarda. Kullum na dawo sai na buɗe akwatin wasiƙu sau biyu, kamar zai sake shawara.

Sissel ta kira ni jiya. Ta ce ta same ka ranar Lahadi a zaune ƙiƙam, hannu bisa gwiwa. Ta ce maka, "Eilert, wa'azi ake yi ne ban sani ba?" Ka ce mata, "Matsa gefe, 'yar nan, kin tare haske." Ta ce, "Hasken wa?" Ka ce, "Da uwarki ce da ba ta tambaya ba, ita tana da hankali." Tana ba ni labari tana dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Ta ce gidanka ya fi nata tsafta, maganinka daidai, ka san rana, ka san wata, har ka gyara mata kuskure a takardarta. Sannan ta ce da ta tashi tafiya ta ga rigarta ta ruwa, wadda ta jefa a kan kujera, an rataye ta a ƙugiya, an juya hannayen ciki waje don su sha iska. Ta ce ba ka tashi daga inda kake ba.

Na ce mata mutum yakan rataye riga ya manta. Ta ce, "Haka ne." Kuɗin waya yana tafiya, muka yi sallama.

Ga maganar da ta sa na rubuto. Akwai ɗaki a gidan tsofaffi da ke babban gari, zai samu a watan Satumba. Sun aiko mini da takarda, don ni ce danginka mafi kusa, abin da ya isa ya nuna maka yadda dangin suka ƙare. In na sa hannu, likita zai zo, kuma daga abin da na riga na faɗa musu ba na jin za ka ƙara hunturu a gidan. An yarda mutum ya je da akwati biyu da kujera ɗaya. Ban tambayi maganar kyamara bakwai ba.

Takardar tana kan teburina, ban sa hannu ba tukuna. Tambaya ta huɗu ita ce: shin mai neman yana zaune shi kaɗai?

In lissafina daidai ne, yanzu tana kan talatin da uku. Ka faɗa mini mita nawa. Ban yarda da komai ba, amma ina son lambar.

Ingunn

*

Skarvvik, 10 ga Agusta

Ingunn,

Na ga takardunki biyu. Jikina lafiya. Rana ta fara faɗuwa.

Kin karanta ni a baibai. Da na ce ina jira ta ƙaraso, ba kabari nake nufi ba, tebur nake nufi. Amma an riga an yi.

Kin nemi lamba. Talatin da uku, mita ɗaya da rabi. Talatin da biyar, mita ɗaya, iyakar zoben ke nan, waɗannan kyamarori ba sa ganin abin da ya fi haka kusa. Ranar biyu ga wata ta kai talatin da shida, hannun jan fim ya ƙi jawuwa, fim ya ƙare.

Jiya Lahadi na yi aski, na sa rigar, na zauna tun takwas har biyu na rana. Na juya baya sau da yawa, na ba ta wuri. Ba komai. Kin san yadda gida yake in an kashe firiji, sai a lokacin mutum yake gane ashe da akwai ƙara? Ni da ba na ji, na ji wannan. Shirun shekara shida da suka wuce bai kai na jiya ba.

Na so in sa mata sabon fim, hannuna ya ƙi. Ban taɓa buɗe kayanta ba tana raye, ko jakarta.

Ga kyamarar a cikin kwalin, na naɗe ta da safa. Ki wanke fim ɗin. In fari fat ya fito kamar na Alhamis, to ke ce da gaskiya, tsoho ne yake ɗaukar murfi yana aski domin kantar katako. Sai ki sa hannu, ba zan yi gardama ba. Sauran shidan ki raba wa ɗalibanki, amma ki gaya musu kowace da ranarta.

Tun ranar biyu ga wata ban fita da ko ɗaya ba. Jadawalin ya lalace.

Eilert

*

Bergen, 19 ga Agusta

Kawu,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana cin abinci, don Sissel ta ce kifin da ta kawo maka ranar Talata yana nan yadda ta ajiye shi. Ni lafiyata ƙalau. Ana ruwa.

Kwalin ya iso ranar Juma'a. Na bar shi kwana biyu a kan tebur kusa da takardar gidan tsofaffi, suna kallon juna. Ranar Lahadi da rana na shiga banɗaki, na toshe taga, na wanke fim ɗin kamar yadda ka koya mini, ina duba agogo. Kafin nan na gwada cire murfin. Na sa yatsa, na sa tsumma, na sa bakin wuƙa. Bai motsa ba. Washegari na kai wa mai gyaran kyamara da ke bayan kasuwar kifi, ya juya ta ya ce, "Malama, wannan tsatsar ta girmi aurena, sai dai a yanka." Ya kuma tabbatar mini irin wannan ba ta da abin nan da ake murzawa mutum ya ruga ya ɗauki kansa. Na tambaye shi sau biyu. Ya ce, "Ke malamar jami'a ce, ko? Na gane."

Zan ba ka sakamako yadda nake so ɗalibaina su ba ni, ba ƙari.

Hotuna goma sha tara na farko nata ne, na bazarar ƙarshe. Dukansu kai ne. Bayanka ne, a bakin gaɓa, a kan dutse, a gefen hanya, kana ɗaukar wani abu daban. Ba ko ɗaya da ya karkace.

Na ashirin, taga ce daga waje, shinge a gaba, kai a ciki ƙarami, kana hura kofi. Na ashirin da biyu daga matakala, ta ƙofar da ke buɗe. Daga nan kowane hoto kana ƙara girma. A na ashirin da bakwai ka juya kana sauke buta. Daga na ashirin da takwas ka yi aski, ka zauna kamar mai jiran hoton fasfo, kana kallon kantar, wato wajen da ba shi ba. Duk sun fito tas, har zaren rigarka ana iya ƙirgawa. A na talatin da uku akwai gefen kafaɗar Sissel, ta tare haske. Gaskiyarka.

Na talatin da shida bai fito sosai ba, an matso fiye da yadda gilashin zai iya gani. Haɓarka ce da wuyanka, dushi-dushi. Ka ɗaga kai kaɗan, kamar yadda kake yi in ana gyara maka riga. A hotuna goma sha shida da suka gabace shi wuyan rigarka a karkace yake. A wannan a miƙe yake.

Na jera dodon hotunan a jikin taga na yi awa ɗaya ina neman kuskurena. Ina da bayani guda uku, na rubuta su, na karanta, na ji kunya a madadinsu.

Takardar gidan tsofaffi na mayar musu jiya. Ban sa hannu ba. Tambaya ta huɗu na bar ta ba amsa, don ba na rubuta lambar da ban tabbatar ba. Na gaya wa Sissel ta ci gaba da zuwa Talata da Juma'a, ban da Lahadi. Ba ta tambaye ni dalili ba, ta ce ita ma ta fi son haka.

Kyamarar tana tafe a jirgin ruwa na ranar Alhamis, za ta iso ka kafin Lahadi in ba a yi iska ba. Ni na buɗe ta, ni na sa mata sabon fim, in akwai laifi nawa ne. Murfin na bar shi yadda yake, da alama ba ya damunta. Zoben kuma na murza shi har ƙarshe, na mayar da shi can nesa, bayan mita goma, bayan shinge, bayan duwatsu. Ba don ina korarta ba. Hoto talatin da shida mako talatin da shida ne, zai kai ka Afrilu, kuma na fi so ta yi tafiyar a hankali. Na sayi wasu finafinan guda goma na ajiye a firiji.

Ka koma kan jadawalinka, ta Alhamis tana jira, ka cire mata murfi. Layin Lahadi kuma ka goge sifilin nan, ka rubuta goma sha bakwai.

Ka daina kallon kantar. Ka juyo wajen ƙofa, hasken ya fi kyau ta nan.

Wuyan rigar kuwa ka bar shi a karkace.

Ingunn